Buhun Fulawar Cecil

A garin Nimmitabel babu wanda bai san labarin Cecil Tozer da buhun fulawa ba. Yaran da aka haifa bayan rasuwarsa ma suna iya kawo maka shi tiryan-tiryan. A sanyin shekarar sittin da huɗu dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi, ta binne shinge, ta tsinke wayar tarho. Sai aka tuna akwai mace da jaririya da wani tsoho a gonar su Lomax can bayan dutse, mai gidan kuwa ya maƙale a Cooma inda ya je kasuwar tumaki. Ana cikin shawarar yadda za a yi, Cecil bai ce da kowa uffan ba, ya saɓa buhun fulawa a kafaɗa ya kama hanya da ƙafa. Wasu su ce har da sukari a aljihu. Ya kai, ya dawo, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ba a taɓa jin ya ɗauko zancen da bakinsa ba.

Ɗansa Lindsay yana da shekara bakwai a lokacin. Abin da ya riƙe shi ne ranar dawowa: uban a zaune a bakin ƙofa, uwar tana yanke masa safa da almakashi don ta ƙi fita, faratan ƙafarsa sun yi baƙi. Da ta tambaye shi ya ya baro su, sai ya ce, "Suna lafiya." Haka Cecil yake. In ya yi maka magana biyu a yini, to ranar bakinsa ya buɗe.

Lindsay ya girma ya zama direban gireda, shi ke share ƙanƙara daga hanyoyin yankin har ya yi ritaya. Ajiye aiki bai raba shi da kallon sama ba. Duk safiyar Alhamis za ka same shi a gidan burodi, a teburin bakin taga, tare da abokansa biyu. Akwai Noelene, tsohuwar malamar firamare wadda rabin garin sun bi ta hannunta. Akwai kuma Ivo, wanda ya baro Kuroshiya yana saurayi ya zo haƙar ramukan madatsun ruwa a kan duwatsu, yanzu ya haura tamanin amma gardama ba ta bar shi ba. Mutanen gari 'yan duba suke ce musu, don kullum idonsu yana kan gajimare.

Aikin da suka ɗora wa kansu shi ne tattara labarin manyan guguwar ƙanƙara na da kafin tsofaffi su ƙare. Noelene ke ɗaukar muryoyi da wayarta. Lindsay ke tuƙi, shi ya san kowace kwana da kowane gida. Ivo kuma aikinsa awo, da ƙaryata duk wanda ya ce ƙanƙara ta kai masa wuya. Sun tara hotuna da muryoyi masu yawa a ɗakin tarihin garin, amma murya ɗaya ta gagare su, ta Thelma Lomax, matar da aka kai wa fulawar. Sau biyu Noelene tana kiranta, amsar ɗaya ce: "Ƙanƙara ce, ta zo ta narke. Me za a faɗa a kai?"

Ana nan, wata Alhamis cikin watan Yuli, tsakiyar sanyi a ƙasar, Noelene ta shigo tana murmushi tun daga ƙofa.

"Inna Thelma ta kira ni da kanta," ta ce tana cire hular sanyi. "Da zarar sanyi ya wuce za ta sayar da gonar ta koma gidan 'yarta a bakin teku. Ta ce in muna so mu zo yanzu. Kuma ta ce lallai a zo mata da ɗan Cecil."

"Ɗan Cecil," in ji Ivo, yana kallon furfurar Lindsay. "Ka ji ko, yaro? Ka wanke fuska, ka sa riga mai kyau."

"Kai dai ka tuna ka sa haƙoranka, Dattijo. Wancan karon a kofi ka baro su."

Ranar Asabar da hantsi suka hau a-kori-kurar Lindsay su uku a gaba, Noelene a tsakiya da kek a cinya. Sama ta yi toka-toka, iska na kaɗa busasshiyar ciyawa. Ivo ya leƙa ta taga ya ce kafin la'asar za ta zuba. Lindsay ya ce iskar ba ta juya kudu ba tukuna, sai gobe.

"Ku mutanen ƙasan dutse me kuka sani game da ƙanƙara?" in ji Ivo. "A sittin da huɗu mu a sansanin ma'aikata ta tagar sama muke fita. Ku nan 'yar garin gishiri aka barbaɗa muku kuke ta ba da labari."

"Bara ka ce ta bututun hayaƙi kuke fita," in ji Noelene.

"Wannan wani ɗakin ne, Malama."

Lindsay yana jinsu yana dariya, amma zuciyarsa tana kan hanyar. Ya share ta da gireda ba adadi, kuma duk lokacin da ya hau gangaren nan sai ya hango uban a gabansa, buhu a kafaɗa, yana tafe ba waiwaye. Yau zai ji daga bakin wadda ta buɗe masa ƙofa.

Thelma ta tarye su a baranda tana dogara sanda. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, amma idonta garau. Ta gaisa da sauran, sannan ta tsaya ta ƙare wa Lindsay kallo.

"Kunnuwansa ka ɗauko," ta ce. "Ku shigo, kada ku bar mini ƙofa a buɗe."

Kicin ɗin ya ɗauki ɗumi, murhun ƙarfe na ci, tukunyar naman rago da dankali na tafasa a hankali. Akwatunan kwali sun fara taruwa a lungu. Aka zuba shayi, aka yanka kek, Noelene ta jingina wayarta da kwanon sukari ta ce, "Inna, ki faɗi yadda kika tuna kawai. Ba jarrabawa ba ce."

Thelma ta fara da yadda abin ya soma. Ta ce babu iska da farko, sai zuba kawai, shiru kamar an toshe wa duniya kunne. Kashegari ta buɗe ƙofa ta ga bango fari a gabanta. Tana da shekara ashirin da huɗu, Janice jaririyarta tana fama da ciwon ciki ba ta barin kowa ya runtsa, surukinta tsoho Lomax kuma ƙafafunsa sun riga sun gaza. Ita ke haƙa hanya zuwa wurin saniya, ita ke faskare.

"Abinci fa?" Noelene ta tambaya. "An ce kun kusa ƙarewa."

"Wa ya ce? Muna da rabin tunkiya a rataye, ga dankali, ga madara. Yunwa ba ta taɓa mu ba."

Noelene ta saci kallon Lindsay. Shi kuwa ya gyara zama ya ce, "Amma fulawar da Baba ya kawo ta yi amfani dai, Inna."

Thelma ta ajiye kofinta. "Abin da ya sa na ce a zo da kai ke nan. Ban so in faɗa wa waya kai ba ka nan. Babanka bai iso gidan nan da fulawa ba."

Ivo ya bar tauna.

"Da yamma ne, na fita tatsa, sai karyarmu ta yi ta haushi tana fuskantar rafi. Na bi ta. Na iske mutum a durƙushe cikin ƙanƙara har ƙirji, ya ɓace hanya, yana ta zagaya wuri ɗaya tun rana tsaka. Da ya gan ni sai ya fashe da kuka kamar yaro. Ya ce, 'Na yar da buhun, Thelma. Na kasa.' Na ce masa tashi, buhu ya daɗe bai ɓata ba. A kafaɗata ya dogara har gida."

Lindsay bai taɓa ganin hawayen ubansa ba, ko ranar da aka binne uwarsu. Ya dubi hannuwansa a kan tebur.

"In kana so in yi shiru, sai in yi," in ji Thelma.

"A'a, Inna. Ci gaba."

Ta ce ƙafafunsa sun yi fari fat kamar kitse. Tsoho Lomax ya hana a kai su kusa da wuta, ya sa ta kawo ruwa mai ɗumi-ɗumi a daro. Da jini ya fara dawowa, Cecil ya ciji hannun rigarsa don kada ya tada jaririya, ita kuwa da ma ba barcin take ba. Kwana biyu bai iya taka ƙasa ba. Da ya samu ya miƙe, sai ya cusa ƙafa cikin takalman mai gidan, ya ɗauki shebur ya ce ina tumakin.

"Wannan shi ne abin da ya kawo mini," ta ce. "Hannu biyu. Tumakinmu suna binne a gindin shinge inda iska ta tara su. Ni da shi da karya muka yi ta bi. Za ka ga 'yar huda a kan ƙanƙara, bakinta ya yi rawaya, numfashinsu ne ya yi ta. Sai mu zura gora a hankali, in ta taɓa laushi mu haƙa. Wasu mun same su a mace. Amma da yawa sun fito da ransu, har sun fara cin ulun junansu. Da ba don shi ba, da mijina Athol ya dawo ya tarar ba shi da garke."

"To ai wannan ya fi fulawa," in ji Ivo a hankali.

"Bari in gama, sarkin gardama." Ta juya ga Lindsay. "Ka san babanka yana waƙa?"

Lindsay ya yi 'yar dariya. "Baba? Ko a coci leɓe kawai yake motsawa."

"To a nan ya yi. Ranar da ƙafarsa ta hana shi tashi, na ɗora masa Janice a ƙirji don in samu in yi aiki. Tana ta tsala kuka. Ina wanke-wanke sai na ji murya a bayana, mai kauri, mai daɗi, har na ɗauka rediyo ne ya farfaɗo. Na waiwaya, ashe Cecil ne, idonsa a rufe. Yarinyar nan ta yi tsit. Daga ranar kullum da yamma sai ya yi. Wasu na coci, wasu na masu askin tumaki waɗanda bai kamata a yi gaban mace ba, sai ya riƙa haɗiye kalmomin. Surukina yana buga masa cokali a tebur. Akwai wata da shi ya ƙaga wa Janice, ba ta da kai ba ta da gindi."

"Kina tuna ta?" Noelene ta tambaya.

Thelma ta dubi murhu. Sannan ta fara rerawa da siririyar murya mai rawa, 'yan baituka a kan wata tunkiya da ta sa hular gwamna ta tafi Cooma sayen takalmi. A tsakiya ta manta, ta cike da "la la", ta koma farko. Noelene ta rufe baki tana dariya. Lindsay bai yi dariya ba, bai kuma yi kuka ba. Yana ta ƙoƙarin ɗora wannan waƙa a bakin mutumin da ya sani, mai zama a ƙarshen tebur yana yanka burodi ba ya duban kowa. Da farko ta ƙi zama. Can sai ya ji ta zauna, har ya ga yadda gashin bakinsa zai motsa.

"Me ya sa bai taɓa yi mana ba?" ya tambaya.

"Wannan ban sani ba, ɗana. Ba zan ƙaga maka ba."

Ivo ya share gashin baki. "A sansani haka muke. In hanya ta toshe, mutumin da ba ka taɓa jin muryarsa ba sai ya zama zabiya. Ranar da gireda ta iso, kowa ya maida bakinsa aljihu." Ya nuna Lindsay da cokali. "Irinku ne masu ɓata mana biki."

Wannan karon Lindsay ya yi dariya sosai, har ya goge ido da bayan hannu.

Noelene ta tambayi yadda aka yi labarin ya juye. Thelma ta ce aikin tsoho Lomax ne. Da hanya ta buɗe aka kai shi mashaya, shi ya fara cewa Cecil ya kawo musu fulawa a kafaɗa, don ya ga mutumin yana jin kunyar abin da ya faru. Cecil bai gaskata ba, bai ƙaryata ba.

"Kuma ba ƙarya ce tsagwaronta ba," ta ce. "Da ƙanƙara ta narke, Athol ya tsinci buhun a rataye a kan turken shinge, can wajen rafi. Ashe bai yar ba, ratayewa ya yi. Bayansa ya jiƙe ya yi ɓawo, amma cikinsa lafiya lau. Mun ci burodinsa har bazara. Ya kawo, sai dai ya ajiye da ɗan nisa."

Ta tashi ta zuba musu naman da dankali, suka ci har suka yi gumi. Bayan an gama Ivo ya ciro tef ɗin awo daga aljihu ya ce duk wannan ya ji, amma shi har yanzu ba a gaya masa zurfinta ba. Thelma ta yafa mayafin ulu ta ce su biyo ta.

A bayan gida akwai tsofaffin itatuwan tuffa guda uku, duk sun karkace. Ta ɗaga sanda ta nuna wani tabo da ya kewaye babban reshe, sama da kan Lindsay.

"Zomaye ne suka gwigwiye ɓawon, suna tsaye a kan ƙanƙara. Nan iska ta tara ta."

Ivo ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. "Itacen ya yi tsawo tun lokacin. Ya tafi da tabon sama."

"Itace daga kai yake tsawo, Dattijo," in ji Noelene. "Tabo yana nan inda aka yi shi. 'Yan aji huɗu ma sun san wannan."

"A ƙasarku."

"A ƙasar kowa."

Lindsay ya riƙe bakin tef a ƙasa, Ivo ya hau kan akwatin katako yana ta mita, Noelene ta riƙe masa ƙugu tana ɗaukar hoto da ɗaya hannun. Da ya karanta awon sai ya sake aunawa. Ya sauko ya ce, to, ba laifi, mutanen ƙasa ma sun ɗan ga wani abu.

Suna sallama Thelma ta riƙe hannun Lindsay da nata biyu. "Ban rage masa komai ba, ko?"

"Kin ƙara mini shi, Inna."

"Ka zo ka ɗebi tuffa in sun nuna. Masu sayen gonar ba su san daɗinsu ba."

Suka kama hanyar dawowa. Da suka wuce rafin Noelene ta ce, "Lindsay, in ba ka so a ajiye wannan a ɗakin tarihi, zan riƙe shi a wurina. Babanka ne."

Ya rage gudu, yana duban turakun shingen da ke bin gefen hanya. An canza su tuni, na ƙarfe ne yanzu.

"Ki ajiye yadda ta faɗa," ya ce. "Na mutanen gari ma ki bar shi kusa da shi. Wanda ya zo ya ji duka biyun. Amma ki tura mini waƙar a wayata yau."

Kafin su shiga gari ƙanƙara ta fara sauka, ƙanana-ƙanana, tana narkewa a kan gilashi. Ivo ya yi gyaran murya sau biyu yana duban agogo.

"Na ji, Dattijo," in ji Lindsay. "Shayin Alhamis a kaina."

Ya sauke su, amma bai nufi gida ba. Ya juya zuwa gidan yayarsa Glenys a bayan coci. Ya same ta tana guga a kicin, tabarau a kan hanci. Bai yi mata dogon bayani ba, ya ce daga wurin Inna Thelma yake, ya ajiye waya a kan teburin guga ya kunna. Glenys ta saurara da dutsen guga a hannu. Da aka zo wurin tunkiya mai hular gwamna sai ta ajiye shi a tsaye.

"Ba takalmi ta je saya ba," ta ce. "Lema ce."

Lindsay ya zuba mata ido. "Yaya, kin san ta?"

"Sau ɗaya na ji. Na je kiransa cin abinci, yana tatsar saniya, ya jingina goshi da cikinta. Na tsaya a bayan ƙofa har ya gama. Da ya fito ya gan ni, sai ya ce in ɗauki bokitin." Ta cire tabarau ta goge da gefen riga. "Na ɗauka mafarki na yi."

"Shekara sittin ba ki gaya mini ba."

"Ka taɓa tambaya? Kai kullum inci nawa, ƙafa nawa." Ta zare wayar dutsen guga daga bango. "Cire takalman nan, kana jiƙa mini ƙasa. Akwai miya. Sake kunnawa daga farko, ina jin akwai wani baiti da ta tsallake, na wani kare."

Ya cire takalman ya jera su a bakin ƙofa, ya ja kujera kusa da murhu, ya sake kunnawa.